A yi wa salansar Beetle walda, ko a kwance a sake ɗaurawa?

Mai motar: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan motar Volkswagen Beetle ta mahaifinmu, ƙirar Jamus ta 1972, injin 1300. Ganin hunturu ya matso, kun kuma san sanyin Jos da asuba, sai na canja mata tukwanen hita guda biyu, waɗannan da ke lulluɓe da bututun salansa suna ɗumama iskar da ke shiga cikin mota. Tsofaffin tsatsa ta cinye su. Na sa aka aiko min da sababbi daga waje, har da gasket ɗinsu. Tun ranar da aka ɗaura, in na tayar da ita da safe sai in ji tsit-tsit-tsit ta hagu. In na saki totur a gangara tana harbi ta baya. In na buɗe hita kuma akwai wari.

Mai walda: Wa alaikumus salam Alhaji. Magana ɗaya ce. Mahaɗar da ke tsakanin tukunyar hita da salansa, inda ake sa zoben gasket a ɗaure da kilam, wato maɗaurin ƙarfe, ba za ta taɓa zama daidai da kayan yanzu ba. Ƙarfen ba kauri, awon ba daidai. Kawo ta in zagaye wurin da walda, an gama. Duk mai ce maka gasket zai riƙe, kuɗinka yake so ka yi ta kashewa.

Baba makanike: Ɗana, kada ka bari wuta ta taɓa wurin nan. Ina taɓa waɗannan motoci tun lokacin da ake harhaɗa su a Ojo ta Legas, kamfanin da ya fara aiki a 1975, kuma ban taɓa ganin wadda ta fito da walda a wannan mahaɗa ba. Da gangan aka bar ta da kilam. Tukunyar hita tana ɗaure ne a silinda ta 1 a dama da ta 3 a hagu, wato na gaba. Ita kuma salansa tana ɗaure kai tsaye a ta 2 da ta 4. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, kan silindarsa na alminiyam ne, in ya ɗauki zafi yana buɗewa, bututun ƙarfe ma yana miƙewa, kowa da nasa gwargwado. Zoben nan shi ke ba su damar motsi. Ka haɗe su, motsin bai daina ba, wani wuri zai nema. Ko bututu ya tsage a gindin leɓe, wato faffaɗan bakinsa da ake ɗaure wa silinda da noti, ko ya fizgo ƙusar zare daga cikin alminiyam.

Mai walda: Baba, da girmanka, na yi wa motoci da dama haka, ba wadda aka dawo min da ita.

Baba makanike: Ba za a dawo maka da ita ba ai, wurinmu ake kawo ta ranar da salansa ta ruɓe, mu rasa yadda za mu cire ta sai da zarto, tukunyar hita mai lafiya ta tafi a banza. Kuma wa ya ce ma a nan yoyon yake? Ba wanda ya duba. Alhaji, wa ya ɗaura, kuma da me ya fara?

Mai motar: Ni da yaron gareji ne, Baba. Mun fara ɗaure tukwanen a kan silinda tamau, sannan muka jawo salansa muka tura ta da ƙarfi har ta shiga.

Baba makanike: To ga inda aka samu matsala. Ba a ɗaure komai sai kowane noti ya hau zarensa. Ka sassauta duka: noti biyu-biyu na bakin silinda huɗu, kilam biyu na zobe, da ƙananan leɓuna biyu na siririn bututun da ke ɗaukar zafi daga salansa zuwa ƙarƙashin kafireta. Wannan siririn shi ya fi gardama, shi ake fara kamawa da hannu. In komai ya zauna yana ɗan motsi, sai ka bi bakin silinda da sifana 13, kaɗan sama kaɗan ƙasa, kada ka gama ɗaya ka koma ɗaya. Kilam su ne na ƙarshe. Ƙusoshin nan milimita 8 ne kacal, ba sa son ƙarfin tuwo. Ka yi tafiya ta yi zafi, ka bar ta ta huce sarai, ka sake bin su.

Mai sayar da kayan gyara: Ni ina tsakiya. Oga mai walda yana da gaskiya a abu ɗaya, kayan yanzu ba kamar na asali ba ne. Ka ɗauki tsohuwar tukunyar Jamus a hannu ɗaya, sabuwa mai araha a ɗaya, nauyi kaɗai zai gaya maka. Ta asali tana da haƙarƙarin alminiyam a jikin bututun ciki, shi ke riƙe zafi, da yawa cikin na yanzu kuwa an rage shi. Sau da yawa kuma leɓen yana lanƙwashewa tun wajen waldar masana'anta. Amma maganinsa a shimfiɗa samfefa a kan gilashi a goga leɓen har fuskarsa ta yi haske bai ɗaya. Aikin rabin awa ne. A kuma duba ko guntun tsohon gasket bai maƙale a bakin silinda ba, don wurin na gaba ba a ganinsa da kyau, da yatsa ake lalubawa.

Mai walda: In dai sai an goga, an sassauta, an sake bi, ina amfanin sabon kaya? To a cire hitar gaba ɗaya mana, a sa bututu tsirara irin mai lanƙwasar nan. Nijeriya muke.

Mai motar: Malam, mahaifinmu ne ke shiga motar nan zuwa masallacin asuba, shekarunsa sun ja. Don shi na yi wahalar.

Baba makanike: Ko wanda zai cire ma, sai ya toshe bakin nan biyu na murfin fankar injin da ke tura iska cikin tukwanen hita, in ba haka ba iskar da ya kamata ta sanyaya silinda ta nan za ta tsere.

Ma'aikaciyar jinya: Ku gafarce ni, ni ba makanikiya ba ce, maigidana ne mai irin motar. Abin da ya tsaya min a rai shi ne warin da Alhaji ya ambata. Hayaƙin salansa yana ɗauke da kabon monoksaid, ita ce iskar da ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a rufaffen ɗaki. Ita kanta ba ta da wari ko launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai, jiri da barci. Don Allah Alhaji, kada mahaifinku ya sake shiga da hita a buɗe da gilashi a rufe sai an gano bakin zaren. Gwajin ma a yi shi a fili, ba cikin gareji ba.

Baba makanike: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wari iri uku ne. Sabon fenti yana ƙonewa kwanakin farko, wannan zai wuce. Na biyu, hayaƙin da ke fita ta leɓe yana hawa ɗakin injin in robar da ke zagaye da injin ta yage, fanka ta zuƙe shi ta tura cikin mota, alhali tukunyar lafiyarta ƙalau. Na uku shi ne mugun, a ce bututun cikin tukunyar ne ya huje. Wannan ba walda ba gam, mayarwa ake yi. Ga gwaji: injin da sanyi, ka shafa ruwan omo a kowace mahaɗa, ka tayar, yaro ya danna tsumma a bakin bututun baya biyu na ɗan lokaci. Inda ya yi kumfa, nan ne. Ka nemi baƙin hayaƙi a gefen leɓe kuma.

Mai motar: Jama'a na dawo. Mun yi gwajin jiya a tsakar gida. Zoben kilam bai yi kumfa ba ko kaɗan. Kumfar a bakin silinda ta 3 take, ta ƙasa. Da muka kwance, leɓen a karkace yake, gefe ɗaya na gasket ya yi baƙi. Na cire tukunyar, na toshe bakin bututun guda, na cika shi da ruwa, bai ratsa cikin rigar da ke lulluɓe da shi ba. Mun goga, mun sa sabon gasket, mun ɗaura yadda Baba ya ce. Tsit-tsit ɗin ya tafi, harbin ma. Robar ɗakin injin kuwa na same ta a yage ta baya, na aika a nemo min.

Mai walda: Madalla Alhaji. Amma ni ban sauka daga maganata ba, zoben nan zai saki. A ba shi damina ɗaya a hanyoyinmu.

Baba makanike: In ya saki, zobe ne da noti biyu, a canja. Alhaji, kada ka buɗe hitar sai robar ta iso ka sa ta, kuma ranar Asabar ka kawo min ita da sanyinta in bi notin da hannuna.