Camry ko Buick: wacce ce ba za ta ajiye ni a hanya ba?

Baban Safiyya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon a haɗa mini ita da dalili.

Shekara shida ke nan ina hawan wata ƙaramar mota ƙirar Amurka. Ta hannu na saye ta, tana da kilomita kusan 90,000. Shekara uku na farko lafiya lau muka zauna, daga juye sai birki sai taya. Tun da ta haura 160,000 ta sauya hali. Fitilar inji ta kama ci, a goge ta dawo. Gilashin ƙofar direba ya daina sauka. Duk wannan na haƙura. Amma a watan jiya ta tafasa da ni da tsakar dare, ina ɗauke da maiɗakina da 'yarmu mai wata takwas, jikinta zafi rau, muna hanyar asibiti. Famfon ruwa ne ya saki. Mun fi awa guda a gefen titi kafin Allah ya kawo wanda ya rage mana hanya. Yarinya ta warke, alhamdu lillahi, amma ni da motar nan mun gama.

Yanzu biyu ne a gabana, duka ƙirar 2008. Toyota Camry mai silinda huɗu, ta ci kilomita 190,000. Sai Buick LaCrosse mai silinda shida, ta ci 120,000, kuma ta fi araha sosai. Zuciyata ta tsorata da duk abin da aka ce na Amurka ne. Shin da gaske motar Japan ta fi juriya, ko suna ne kawai ya bi ta?

Maman Ikram:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Safiyya lafiya, ya kiyaye gaba. Malam, ka ɗauki ta Japan ka huta. Corolla nake hawa shekara tara, ta wuce kilomita 300,000, ba a taɓa buɗe injinta ba. Ni mace ce mai yawan tafiya ni kaɗai da yara, abin da nake so kawai in murɗa makulli ta tashi. Mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda ke tambayar masu motoci kowace shekara irin matsalolin da suka gani, shekara da shekaru Toyota da Lexus ba sa barin sahun gaba a jerinta. Amurkawan da kansu ke nan suke shaida.

Tsohon Bakanike:

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan jimla, ban musa ba. In aka tara ƙananan motoci da matsakaita aka auna, na Japan sun fi daɗewa ba su nemi gareji ba. Amma ɗana, jimla ba ita za ka saya ba. Mota ɗaya za ka saya, mai inji ɗaya da giyabos ɗaya, kuma waɗannan biyun da ka lissafa na san cikinsu.

Camry ta 2008 mai silinda huɗu injin 2AZ-FE ne a cikinta, lita 2.4. Inji ne mai kyau, sai dai na shekarun 2007 zuwa 2009 an san su da shan baƙin mai saboda zoben fistin, har Toyota ta tsawaita garanti a kan wannan matsala. Wanda ba ya zaro ma'aunin mai yana dubawa, sai ya wayi gari inji ya buga. Ita kuwa LaCrosse, in har mai lita 3.8 ce, to injin nan ne da ake kira 3800, wanda ke cikin mafi ƙarko da General Motors, kamfanin Amurka mai Buick, ta taɓa ƙerawa. Tsohon tsari ne, ƙarfe ne zalla, sarƙa yake amfani da ita wajen daidaita bugun inji, ba shi da tarkace. Lagonsa wasu 'yan gwiwoyin roba ne guda biyu da ruwan sanyaya inji ke bi ta cikinsu. Suna tsufa su fashe, amma akwai na alminiyon da ake maye gurbinsu da su, aikin awa kaɗan ne. Tunda tafasa ce ta ƙona ka, in ka saye ta wannan ka fara canzawa.

Kuma kada wani ya ce maka Japan ba ta tuntuɓe. Giyar CVT (otomatik marar matakai) da Nissan ta sa a Altima da Sentra ta sa mutane kuka har aka je kotu. Honda ta sha fama da giyabos na motocinta masu silinda shida a farkon shekarun 2000. Jakar iskar kariya daga hatsari ta kamfanin Takata, wadda ta jawo kiranyen miliyoyin motoci har kamfanin ya durƙushe a 2017, daga Japan ta fito. A ɗaya ɓangaren ma haka ne: giyar PowerShift ta Ford Focus da Fiesta ta zubar wa ƙananan motocin Amurka mutunci ƙwarai.

Ga abin da za ka yi. Ka je wa Camry da sassafe kafin a tayar da ita, ka tsaya a baya ka ga ko za ta yi shuɗin hayaƙi. Ka sa yatsa a bakin salansa in ta huce, ka ji ko akwai maiƙo. Ka nemi takardun sabis, ka tambaya ko an taɓa canza mata fistin. Buick kuma ka duba launin man giya, ka shinshina ko ya ƙone, ka ja ta har ta yi zafi ka ji ko tana dukan giya.

Injiniya A.:

Baba ya gama magana a kan inji, ni tarihi zan ƙara, domin sunan nan da Japan ta yi yana da asali. A 1950 Ba'amurke W. Edwards Deming ya je Japan ya koyar da masu masana'antu yadda ake auna inganci tun a kan layin ƙira. Toyota ta gina nata tsarin, inda kowane ma'aikaci ke da ikon jan igiya a tsayar da aiki in ya ga kuskure. A 1982 General Motors ta rufe masana'antarta ta Fremont a Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fitar da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da yawancin tsofaffin ma'aikatan, aka kai wasunsu Japan horo, sai ga motocin da ke fitowa sun kusa kamo na Japan a inganci. Pontiac Vibe ta General Motors daga can ta fito, kuma injinta da giyarta na Toyota ne.

Inda Amurka ta zuba ƙarfinta shi ne manyan motoci. A-kori-kurar Ford F-Series ita ce ta fi kowace a-kori-kura kasuwa a can tun 1977, ga motar Ford Crown Victoria da 'yan tasi da 'yan sanda suka yi ta azabtarwa har aka daina ƙera ta a 2011. Baban Safiyya, ka duba farkon lambar shasin motocin nan ka gaya mana. J Japan ce, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada.

Baban Safiyya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, na duba: Camry da 4 ta fara, an ce mini a Kentucky aka haɗa ta, Buick kuma da 2. Baba, na je da asuba kamar yadda ka ce. Camry ta ɗan yi shuɗin hayaƙi a tashin farko, man kuma yana ƙasa da layi, mai ita ba shi da takardar sabis ko ɗaya. Buick 3.8 ce, man giyarta ja ne, takardunta cike da jaka. Amma na ga ɗan farin busasshen tabo kusa da inda bel ke zagayawa. Su ne gwiwoyin robar da ka ce, ko in sa a duba famfon ruwa kafin in ba da kuɗi?