Me za mu kira KVM da Hausa? Shirin Juma'a ya matso

Hajiya Rabi, Asawasi:
Assalamu alaikum jama'a. Shirinmu na kimiyya da fasaha zai fita a rediyo ranar Juma'a bayan la'asar, rubutun kuma dole ya shiga hannun mai tacewa ranar Alhamis da azahar. Maganar a kan ɗan akwatin nan ne da masu shagunan Adum a nan Kumasi ke kira KVM suwic: allo ɗaya, madannai (kibod) ɗaya, linzami (maus) ɗaya, amma kwamfutoci biyu ko huɗu, ka danna maɓalli ka bar wannan ka koma waccan. Ina neman sunan da zan iya maimaitawa cikin minti ashirin harshe bai sarƙe ba. Abin da ke takardata yanzu "makunnin kwamfutoci" ne, bai kwanta mini ba.

Sani Mai Gyara, Alabar:
Wa alaikumus salam Hajiya. Goge makunni. Akwatin ba ya kunna komai, ba ya kashe komai, duk kwamfutocin a kunne suke suna aikinsu. Ga yadda ake haɗa mai ɗaukar biyu: kowace kwamfuta waya biyu ke fita daga gare ta zuwa akwatin, ɗaya ta hoto, HDMI ko DisplayPort ko tsohuwar VGA mai allura 15, ɗaya kuma USB, kan nan mai kusurwa huɗu irin na firinta shi ke shiga akwatin. Sai waya ɗaya ta hoto daga akwatin zuwa allo, madannai da linzami su shiga nasu ramin a jikinsa. Wato wayar hoto uku, ta USB biyu. In an manta ta USB guda, hoto zai zo amma linzami ya mutu, kwamfutan ya ɗauka ba a sa masa komai ba. Aikin akwatin sauyawa ne, sai a nemi suna daga nan.

Ustaz Awudu:
Mai raba allo. Gajere ne, kowa zai gane.

Zulai, Aboabo:
Ustaz, a yi haƙuri, wannan zai sa mutane asarar kuɗi. Mai rabawa wata na'ura ce daban, tana nan a kasuwa: hoto ɗaya ke shiga ya fita allo biyu ko huɗu, irin na gidajen kallon ƙwallo. Namu kishiyarsa ne, da yawa ke shiga ɗaya ke fita. Wanda ya ji "mai raba allo" a rediyo ya je kasuwar Kejetia ya faɗa haka, mai rabawar za a ba shi, ya kawo gida ya juya shi baibai ya ƙi aiki. Akwai kuma na uku da ke ruɗa mutane, masauyin HDMI zalla, wanda hoto kawai yake sauyawa, babu ramin USB ko ɗaya. Hajiya ki faɗa musu su juya bayan akwatin: in babu ramin USB na kowace kwamfuta, ba shi ba ne.

Ni "masauyi" nake ba da shawara. Sauya, masauyi, kamar buɗe da mabuɗi, kulle da makulli. Jam'i masauyai.

Ustaz Awudu:
To mazaɓi fa? Ai zaɓar kwamfuta kake yi.

Sani Mai Gyara:
Ustaz, a Asawasi ka ce mazaɓi a rediyo, kafin ka rufe baki an ji mazaɓa, an fara kiran waya ana maganar ɗan majalisa.

Baba Gariba:
Yara kuna ta wahala da ma-ma-ma. Abin nan sunansa na nan tun kafin a haife ku. Mai rabon kwana. Maigida ɗaya, ɗaki biyu ko huɗu, yau yana nan gobe yana can, wadda ba kwananta ba tana ɗakinta tana harkarta. Kuma ku lura ƙananan nan na gida ba su wuce huɗu. Hajiya rubuta, babu tsohuwar da za ta ji ba ta gane ba.

Hajiya Rabi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni zan karanta shi da bakina, kuma surukata na sauraro.

Zulai:
Baba ko a ma'ana bai zauna ba. Rabon kwana da ƙa'ida yake, kowa da ranarta. Wannan kuwa kana iya wuni a kwamfuta ɗaya, ka leƙa ta biyu na daƙiƙa goma ka dawo, babu mai kai ƙara. Batun huɗu ma, na ɗakunan saba, wato manyan kwamfutocin ma'aikatu, akwai mai 8, akwai mai 16, wasu har da allonsu da madannai a cikin aljihun tebur na ƙarfe da ake zarowa daga kanta mai faɗin inci 19.

Malam Nafi'u:
Na karanta duka. Kafin a je ga suna a gyara harshe. Malam Sani ya rubuta "kwamfutan ya ɗauka". Kwamfuta mace ce: kwamfutar ta ɗauka. In za a yi shiri da Hausa a yi shi da Hausa. Na biyu, ban ga dalilin barin haruffan nan uku ba. K da V da M farkon kalmomin Turanci ne na madannai da hoto da linzami. Mu ma muna da namu: Madannai, Allo, Linzami. MAL. Masauyin MAL. Haka ake gina harshe, ba a yi ta haɗiye na wasu ba.

Sani Mai Gyara:
Mal. Nafi'u, MAL ai kai ne. Duk wanda ya ga masauyin MAL zai ce na'urar canza malamai ce, iyayen yara su yi layi. Batun "ya" da "ta" kuwa, haka muke magana a zango, kuma kwamfutan bai taɓa ƙin tashi don na ce masa "ya" ba.

Malam Nafi'u:
Shi ya sa in an saurari rediyon nan daga Kano ake dariya. Kibod, maus, monita, suwic. Saura me?

Alhaji Tanko:
Malam, a yi a hankali. Shirin nan na mutanen Aboabo da Asawasi da Alabar ne, ba don Kano ake yinsa ba. Hausa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan ta Ghana, fataken goro sun kawo ta Salaga tun kafin Bature ya san hanyar Kumasi. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, a nan ya zauna ya yi rubuce-rubucensa da ajami, har yau jami'o'i na nazarinsu. Ba mu jiran izinin kowa kafin mu raɗa wa abu suna.

Malam Nafi'u:
Alhaji, Allah ya ji ƙansa, a Kano aka haife shi.

Alhaji Tanko:
Ya kuwa taso ya zo nan ya zauna, bai koma ba.

Baba Gariba:
Da kun karɓi mai rabon kwana da duk wannan bai taso ba.

Ustaz Awudu:
Ni linzamin ma ban yarda da shi ba. Yaran makarantarmu in ka ce linzami sai su tuna makami mai linzami na labarai. Kusu suke cewa in suna wasa, maus in da gaske suke.

Hajiya Rabi:
Don Allah a bar Kano da kusu zuwa Asabar. Linzami zan ce, sau ɗaya in ƙara da "wato maus". Zulai, Malam Sani, ku taimake ni da abin da ke lalacewa, don rabin shirin amsa tambayoyi ne.

Zulai:
To Hajiya. Babbar matsalar ita ce EDID. Kowane allo yana da ɗan bayani a cikinsa da yake ba kwamfuta: sunansa, girman hoton da yake iya ɗauka, da saurinsa. Akwati mai arha in ka sauya, yanke layin yake yi gaba ɗaya, sai kwamfutar da ka bari ta ɗauka an zare mata allo. In ka dawo ka tarar tagogin da ka jera sun taru wuri ɗaya, ko rubutu ya kumbura saboda girman hoton ya faɗi. Mai kyau yana kwafe bayanin ya ci gaba da nuna wa kowace kwamfuta kamar allon na nan. A duba kwali, in an rubuta yana kwaikwayon EDID shi ne. Duhun daƙiƙa biyu zuwa biyar lokacin sauyawa ba lalacewa ba ne, allo da kwamfuta ne ke sake gaisawa.

Sai girman hoto. Akwatin HDMI 1.4 yana kai 4K amma sau 30 kawai a daƙiƙa, linzami ya riƙa tafiya yana tsalle. Mai son 4K sau 60 sai HDMI 2.0 ko DisplayPort 1.2 zuwa sama, kuma akwatin da wayoyin uku duka sai sun kai wannan matakin. Waya ɗaya mara kyau ta isa ta jawo duka ƙasa. Masu laftof mai ramin USB-C kaɗai su tabbatar ramin yana fitar da hoto, don ba kowanne ke yi ba, wani caji da fayil kawai yake ɗauka.

Sani Mai Gyara:
Ƙara da madannai mara waya. Ramin da aka zana wa hoton madannai a jikin akwatin ba ramin USB ne sak ba, akwatin na sauraren abin da kake bugawa a nan don ya kama umarnin sauyawa, galibi maɓallin Scroll Lock sau biyu sannan lambar kwamfuta. In ka sa ɗan tsinken USB nan guda da ke ɗauke da madannai da linzami marasa waya tare, wani akwatin ba ya gane shi, ɗaya ya yi aiki ɗaya ya ƙi. Magani a mayar da shi ramin USB na gama-gari, sai dai umarnin madannai ya tafi, sai maɓallin jikin akwatin. Madannan 'yan gem masu fitilu ma haka.

Na biyu filas. In ka sa shi a ramin gama-gari kana kwafar fayil, ka sauya kwamfuta, daidai yake da ka fizge shi da hannu. Fayil ya lalace, wani lokaci filas ɗin ya nemi a wanke shi, wato a goge duk abin da ke ciki. A jira kwafa ta ƙare.

Na uku wuta. Ƙananan daga USB suke sha, ramin USB 2.0 kuwa miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900. Madannai mai fitila da had-disk na waje sun fi ƙarfinsa, sai abubuwa su riƙa ɗaukewa suna dawowa. In yana da ramin adafta a sa masa, a duba ƙarfin wutar (volt) da aka rubuta a jikinsa kafin a soka kowace. Bayan dumso kuma, wato in an ɗauke wuta ta dawo, a fara kunna allo da akwatin, sannan kwamfutoci. In kwamfuta ta riga su tashi tana iya zaɓar ƙaramin hoto ta zauna a kai. Wayar USB 2.0 kada ta wuce mita 5, in nisa ya fi haka akwai mai miƙa layi ta wayar netwok ta Cat6.

Zulai:
Abu ɗaya kuma game da haruffan, don Malam Nafi'u. KVM ne a rubuce a kwali, shi mai shago ya sani, shi za a buga a intanet a samu. In muka ɓoye shi mai sauraro ba shi da abin da zai faɗa a kasuwa. Amma shi kaɗai ma bai isa ba, don a manhajar Linux akwai wani KVM, tun 2007 yake cikinta, na tayar da kwamfutocin kwaikwayo na manhaja a cikin kwamfuta ɗaya ne, babu akwati babu waya. Kalmar Hausa a gaba ita za ta raba su. Kada kuma a haɗa shi da manhajoji irin Barrier ko Mouse without Borders, su linzami da madannai suke tsallakarwa ta netwok, kowace kwamfuta da allonta.

Ustaz Awudu:
Masauyi kaɗai zai yi karo da na janareta, wanda ake ja in an ɗauke wuta.

Hajiya Rabi:
Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi. Farkon ambato: "masauyin KVM, wato akwatin da ke sauya allo da madannai da linzami tsakanin kwamfutoci." Daga nan "masauyin" kawai, tunda an san wanda ake nufi.

Malam Nafi'u:
Rabin Hausa ne. Amma ya fi suwic. Aƙalla a furta haruffan yadda Bahaushe zai iya, kuma a ce "kwamfutar ta".

Baba Gariba:
Ni dai in na kira waya ranar Juma'a da sunana zan kira shi.

Hajiya Rabi:
Saura ɗaya. Mai ɗaukar kwamfuta biyu, in ce mai baki biyu?

Sani Mai Gyara:
Kul, Hajiya. Wa zai sayi abu mai baki biyu? Ce mai kafa biyu.

Zulai:
A rediyo za a ji ƙafa. Mai hanya biyu, mai hanya huɗu.

Malam Nafi'u:
Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, sai ga wanda bai iya furta ƙ ba.

Alhaji Tanko:
Malam, ka sake dawowa ke nan.

Hajiya Rabi:
Na rubuta "mai ɗaukar kwamfuta biyu". Na tura.