Kwana a tanti tare da yara a hamadar Joshua Tree lokacin kaka

Baban Ummi, Gwarinpa:
Assalamu alaikum. A watan Oktoba, in Allah ya kai mu, zan kai iyalina ziyara wurin ƙanena a Kalifoniya, shi kuwa ya dage sai mun yi kwana biyu a tanti a gandun Joshua Tree. Yarana uku ne, autarsu shekararta huɗu, kuma uwargida tana fargabar zafin hamada. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mana da shawara.

Malamin Taswira, Kubwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka shaida wa Hajiya cewa sanyin dare ya fi zafin rana zama abin shiri. Da rana akan sami wajen digiri 29, amma da zarar rana ta faɗi sai ya sauko zuwa 10 ko ƙasa da haka, domin yawancin gandun kan tudu yake, kuma busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumi. Ni da na tashi a Jos na raina gargaɗin da aka yi mini, na tafi da bargo ɗaya, asuba ta yi mini ina karkarwa cikin mota.

Babban lamari dai shi ne ruwa. Zangon Jumbo Rocks, wanda duwatsunsa suka fi burge yara, babu famfo ko ɗaya. Black Rock da Cottonwood ne ke da ruwan sha, don haka mai ƙananan yara gara ya nemi ɗaya daga cikinsu tun da wuri ta shafin Recreation.gov. Hukumar gandun tana cewa a tanadi aƙalla galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a yini, kuma wannan lissafin bai haɗa da alwala ba.

Maman Sadik, Lugbe:
Alhaji, a kula da autar nan kusa da ƙayar da suke kira cholla, wadda ke maƙalewa a fata ko da ɗan gogawa aka yi, kuma cire ta sai da matsefi ko hantsaki. A riƙa kakkaɓe takalma da safe saboda kunama. An hana tsintar itace a cikin gandun, sai dai ku saya tun daga gari, kuma waya ba ta kamawa a mafi yawan wurare.

Baban Ummi, Gwarinpa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tura wa ƙanena ya duba Cottonwood, Hajiya kuma ta ce gobe za ta shiga kasuwar Wuse neman rigunan sanyi.