Zafin Henry Tonks ne ya yi gwanayen Slade?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina, ba don zafin Henry Tonks ba, da makarantar zane ta Slade da ke Landan ba ta yaye gwanayen da ta yaye ba. Likitan tiyata ne fa, ya ajiye aikin ya koma koyar da zane a 1892, ya zama farfesa a 1918, ya yi ritaya a 1930. Shahararrun masu zane irin su Augustus John, Stanley Spencer da Paul Nash, duk ta hannunsa suka bi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Sananne ne cewa baƙar maganarsa tana sa ɗalibi kuka a gaban allo. Kun lissafa waɗanda suka jure, to waɗanda suka karaya suka ajiye fensir fa, wa ya ƙirga su? Na daɗe ina koyar da zane a firamare. Yaron da ka kunyata a gaban 'yan'uwansa, ka yi sa'a idan ya sake nuna maka takardarsa.

Auwal: Hajiya ta yi gaskiya. A 1910 mai sharhin zane Roger Fry ya baje zanen su Cézanne da Van Gogh masu sabon salo a Landan, Tonks ya ja kunnen ɗalibansa su ƙaurace wa wurin. A 1913 kuma aka sallami ɗalibi David Bomberg, wanda ya bijire wa salon makarantar, daga Slade. Malamin da ke rufe wa almajiri ido, me ya koya masa?

Malam Sani: Auwal, hannun da Bomberg ya bijire da shi, a ina ya koyi jan layi?

Zulai: Malam, Hajiya, ku ba ni dama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya tsaya min a rai daban ne. A 1916, yana da shekara 54, Tonks ya haɗu da likita Harold Gillies a asibitin soja na Aldershot, daga baya a asibitin Sidcup, duk a Ingila. Sojojin da harsashi ya ɗauke wa hanci ko muƙamuƙi yake zanawa da alli mai launi, kafin tiyata da bayanta. Ku duba idanun samarin nan. Bai ƙawata rauni ba, bai kuma bar rauni ya rufe mutumin ba. Ya ma ƙi yarda a baje zanen ga 'yan kallo. Na sha wanke irin wannan ciwo, na san wuyar tsayar da ido a kansa. Ina jin kallon nan ɗalibansa suka ɗauka, tsawar kuwa haƙuri kawai suka yi da ita.

Hajiya Binta: To ƙanwata, mutumin da ya iya tausaya wa soja haka, me ya hana shi tausaya wa yarinyar da ke kuka a ajinsa?

Malam Sani: Wannan tambayar ta ɗaure ni, Hajiya. Amma har yanzu ban janye maganata a kan Spencer ba.