Neman kalmar Hausa: me za mu kira zanen "lanskef"?

Malamai da 'yan uwa masu kishin harshe, muna buƙatar suna ga irin zanen da Turawa ke kira lanskef, wato wanda ke nuna duwatsu, koguna, itatuwa da sararin sama, ba fuskar mutum ba. Su kansu Turawan Ingila aro kalmar suka yi daga masu zanen ƙasar Holan wajen shekarar 1600, Sinawa kuwa "dutse da ruwa" suke ce masa.

Aikin Joseph Yoakum na birnin Shikago a Amurka ne ya tayar da maganar. Bai taɓa zama gaban malamin zane ba, kuma sai a 1962, yana da shekara saba'in da ɗoriya, ya duƙufa da biro da fensir mai launi, har ya bar zane kusan 2,000 kafin rasuwarsa a 1972, yana rubuta wa kowanne sunan wurin da ya ce ya ratsa a yawonsa na ƙuruciya.

An kawo "zanen shimfiɗar ƙasa", amma wannan ya fi kama da darasin labarin ƙasa da taswira. "Zanen karkara" kuma ya yi ƙunci, domin ya bar teku da hamada a waje. Ni dai na fi karkata ga "zanen hange", saboda wanda ya hau Dutsen Kwatarkwashi ya dubi gonakin da ke ƙasa, ko ya tsaya bakin Matan Fada a Argungu ya miƙa ido cikin fadamar shinkafa, hange yake yi, kuma abin da ya hango shi ne ake zubawa a takarda.

Sai dai Yoakum ba ya gaban duwatsun lokacin da yake zana su. Tunaninsa ne ya murɗa su har suka ɗauki siffar da babu ita a ƙasa. Tunda Hausa tana da "idon zuci", irin nasa sai mu ce "zanen hangen zuci".

Game da sunan da za a ba mai zane irin Yoakum, wanda ba shi da malami, wani ya ba da shawarar "ɗan haye", amma ɗan haye kishiyar ɗan gado ne kawai, yana iya samun ubangidan da ya koya masa. "Ɗan baiwa" ya fi kusa. Malaman Gusau da Zuru, idan da wata kalma a bakin mutanenku, ku kawo ta a auna.