Allurar suga ta mako-mako: hannuna na rawa, ga zafi, ga rashin wuta

Uwargida daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara. Ina da ciwon suga, ina shan metformin da glibenclamide, amma awon watanni uku ya ƙi sauka, ga jiki ya yi nauyi. Likita ya ƙara min Ozempic, allurar nan da mutum ke yi wa kansa sau ɗaya a mako, ya ce in fara da 0.25 har mako huɗu. Ya nuna min, amma mutane na jira a layi, ban riƙe komai ba. Allurar mai siffar biro ce. Biron yana firij, kullum sai in ɗauko in juya shi in mayar. Ni da ko jini za a ɗiba sai na kau da kai. A ina ake cakawa? Kuma da wannan zafin, wuta ta kwana ba ta zo ba, maganin ba zai lalace ba? Sannan ƙanwata ta matsa in riƙa ɗiga mata kaɗan ta rage tumbi.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, wallahi tsoron ya fi allurar. Tsinin siriri ne ƙwarai, tsawonsa milimita 4 kacal, ba irin wadda ake yi a ɗuwawu ba ce. Ni a cinya nake yi, ranar Juma'a bayan sallar asuba, don kada in manta. Abin da ya dame ni tashin zuciya ne a farko. Sai na rage loma, na daina soye-soye da daddare, ya lafa.

Anti Nas:
Yaya, bari in bi da ke a hankali. Wurare uku ne: ciki, gaban cinya, ko bayan dantse, wato tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Dantse yana wuya in ke kaɗai ce, don haka ki zaɓi ciki ko cinya. In ciki ne, ki bar tazarar yatsu biyu zuwa uku daga cibiya. Duk mako ki sauya gurbi, kada ki riƙa caka waje ɗaya.

Ki wanke hannu. Ki duba ruwan maganin ta gilashin biron: garau ya kamata ya kasance, ba launi. In ya yi duhu-duhu ko akwai gari-gari a ciki, kada ki yi. Ki ɗaura sabon tsini, ki cire murafunsa biyu, don da yawa kan manta da na cikin. Idan biron sabo ne, ki juya shi zuwa alamar ɗigo, ki ɗaga tsinin sama ki danna har ki ga ɗigo ya fito. Sau ɗaya ake wannan ga kowane sabon biro. Sai ki juya zuwa 0.25, ki caka a miƙe, ki danne maɓallin har lambar ta dawo 0. Nan mutane ke garaje: kada ki zare nan take, ki ƙirga har shida a hankali tukuna, in ba haka ba wani ɓangaren maganin a kan fata zai zube. Ki cire tsinin ki jefa a kwalbar roba mai kauri da murfi, inda yara ba za su kai ba.

Wani abu da ya fi caka allurar muhimmanci a wurinki shi ne glibenclamide. Haɗa shi da wannan allura na iya sa suga ya faɗi ƙasa sosai, musamman da cin abincinki zai ragu. Ki koma ki tambayi likita ko zai rage miki shi. In kin ji rawar jiki, gumi, jiri ko yunwa mai tsanani, ki auna, ki sha abu mai zaƙi.

Baban Walid:
Ni dai ganyen zogale da tafarnuwa nake ba wa mahaifiyata, ba ruwanmu da allura.

Maman Biyu:
Malam, zogale abinci ne mai kyau, amma wadda magani biyu suka kasa saukar wa da suga ba za a ce ta ajiye umarnin likita ba.

Mai kemis a Zariya:
Kan ajiya, Hajiya. Biron da ba a buɗe ba firij yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kada ya shiga wajen ƙanƙara. In ya taɓa daskarewa ya tashi aiki ko da ya narke. Wanda aka fara amfani da shi yana iya zama a waje, amma kada zafi ya wuce digiri 30, na tsawon makonnin da aka rubuta a takardar cikin kwalin, shida a wasu, kwana 56 a wasu. Matsalarmu ita ce a watan Afrilu ɗaki yana wuce 30 nesa ba kusa ba. In wuta ta ɗauke, ki rage buɗe firij. In ta daɗe, ki sa biron a cikin kula tare da robar ruwa mai sanyi, ki naɗe shi da tsumma don kada ya taɓa ƙanƙara, ko ki kai ajiya gidan maƙwabta masu sola. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi sosai lokacin da iska ta bushe. Za ta taimaki biron da aka buɗe in an sa shi a leda an ɗaure, amma ba ta kai sanyin firij ba.

Sai ki kula da inda kike saye. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Birazil, Birtaniya da Amurka. In jabu ya shiga can, to nan ma sai an buɗe ido. Wanda ake tallarsa a Instagram da araha, ko ake sayarwa a sirinji “ɗiba-ɗiba”, ki guje shi.

Anti Nas:
Na tsallake maganar ƙanwarki. A'a, ba a raba biro, ko an sauya tsini, don jini na iya komawa ciki ya ɗauki cuta kamar ciwon hanta. Kuma ba kowa ake ba wa ba: mai ciki ba ta yi, mai neman haihuwa ma sai ta daina wata biyu kafin nan, haka wanda ke da wata irin sankarar ƙullin wuya (thyroid) a danginsu. In tana son rage ƙiba ta je a duba ta.

Uwargida daga Kano:
Allah ya saka da alheri, na ji sanyi a raina. In na manta ranar fa? Kuma ina ramuwar azumi, allurar tana karya shi?

Anti Nas:
In ba a wuce kwana biyar ba ki yi da zarar kin tuna. In an wuce, ki bar ta ki jira ranarki, kada ki ninka. Kan azumi, malamai da yawa sun ce allurar da ba ta abinci ba ba ta karya shi, amma tunda sau ɗaya ce a mako, ki yi bayan buɗa-baki ki huta da kokwanto. Azumin kansa da glibenclamide ne ya kamata ki faɗa wa likita kafin ki ci gaba. In kuma kin ji ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa har baya, ko amai ya ƙi tsayawa har ba kya iya riƙe ruwa, ki tafi asibiti a ranar, kada ki sake yin allurar sai an duba ki.