Masarata ta yi ja, an ce in gwada takin kore da garin dutse, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa. Gona ce ta gado a wajen Giwa, tun Baba na raye masara ake zuba mata duk shekara ba hutu, da ya rasu aka raba, yayana ya ɗauke ɓangaren fadama ni aka bar min tudun, ban ce uffan ba saboda Inna. To bana masarar tun tana ƙarama ganyenta ya yi ja kamar an watsa mata zoɓo, ga wuta-wuta ta cika gonar, kuma kun san kuɗin buhun takin kamfa yanzu. Wani ya ce in shuka mukuna, wata shuka dangin wake, in turbuɗe ta ta zama takin kore, in zuba garin dutsen fosfet na Sakkwato. Yanzu in bar gona damina guda ba hatsi, yara su ci me?

Tsohon malamin gona:
Malam, jan ganyen nan ƙarancin sinadarin fosforos ne a ƙasa, ba tantama. Amma garin dutse ba takin supa ba ne, ba ya narkewa da wuri, ya fi aiki a ƙasa mai tsami, kuma sai shekara ta biyu ko ta uku ake ganin amfaninsa sosai. Kar ka zuba wa masara, zuba wa mukunar, ka huɗe ta lokacin da ta fara fure, in ta ruɓe masarar baɗi ta gaji komai. Ƙasarka jigawa ce ko laka? Ba ka faɗa ba.

Manomi daga Funtuwa:
Takin kore a ina ranka ya daɗe? Na yi waken lablab bara don takin kore, dare ɗaya shanu suka share shi tas, har yau maganar tana gaban mai gari, ko sisi ban gani ba.

Ɗan Tawa:
Mu ma a Nijar muna da namu garin dutsen na Tawa. Iska ke kwashe shi in ka watsa haka nan, mu cikin ramin takin gida muke cakuɗa shi ya ruɓe tare.

Tsohon malamin gona:
Ramin nan wahala ce kawai a kadada guda. In yunwa kake tsoro raba gonar biyu, rabi masara, rabi waken suya irin TGx 1448-2E, yana sa irin wuta-wuta ya tsiro ya mutu don bai samu abin kamawa ba, kuma ka sayar ka samu kuɗi. Baɗi ka juya. Cibiyar binciken noma ta Samaru na kusa da kai, je ka tambaya.

Mai tambaya:
Na gode Baba, amma waken suya na taɓa yi kurciya ta tone min shi. Kuma gaskiya na riga na ci bashin yuriya buhu biyu.

Manomi daga Funtuwa:
To tunda ka yanke me ya kawo tambaya?

Tsohon malamin gona:
Yuriya ba ta maganin jan ganye Malam.

Mai tambaya:
Ai yayana ita yake zubawa kuma tasa ta yi kyau. Shi garin dutsen ma a wace kasuwa ake samu?